Ciyawar Turai a Tsakar Gidana

Ɗan yayana da ke karatu a Beljiyam ne ya jawo mini. Ya turo hoto ta WhatsApp, yana tsaye a wani lambu, bayansa ciyawa ce doguwa mai kai ja-ja tana rangaji. Na tambaye shi ko masu wurin ba su da hauya ne. Ya ce a'a Baba, shuka ta aka yi don ado, sunanta Molinia, a tukunya ake sayar da ita da tsada. Ni kuwa tun da na ajiye aikin lakwal nake neman abin da zai bambanta gidana da na sauran tsofaffin Tsibiri. Na ce ya aiko da iri.

Irin ya iso a ƴar ambulan, tare da bayani da Faransanci. Wai ciyawar ta fi yawa a dausayin tsaunukan Ingila da Sikotlan, inda ƙasa ke da tsami kuma ba ta rabuwa da laima. Wai irin ba ya tsira da kyau sai ya sha sanyi na makonni, kuma ko ya tsira sai ya shekara biyu ko uku kafin ya yi kyan gani. A watan Afrilu nake karanta wannan, zafi ya haura digiri 40, ina zaune kan rairayin da ko kaza ɗaga ƙafa take yi.

Sanyi dai ba mu da shi sai na firji. Na kai ambulan gidan maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara. Da na koma karɓa, na tarar an buɗe, rabi ya tafi.

"Mushe, ai na ɗauka kayan yaji ne," in ji ta. "Na zuba a miya, ko ƙamshi babu. An cuce ka."

Sauran rabin na tattala. Na yi hayar amalanke aka kwaso mini baƙar laka daga bakin Gulbin Maradi, na sayo taki buhu guda wurin wani mai kiwon tumaki, na haƙa kwari a tsakar gida. Wani tsohon ɗalibina da ke noman zogale a Jiratawa ya ce in ba inuwa rana za ta ƙone komai, sai na sayo zana aka kafa rumfa. Zanar nan ta gamba ce. Wato na sayi ciyawa don ta yi wa ciyawa inuwa, kuma lokacin ban ga abin dariya a ciki ba.

Ruwa ne ya ƙarasa aljihuna. Safe da yamma ɗan garuwa na sallama, har ya fara kirana Alhaji, ni da ko Yamai sai da dalili nake zuwa. Uwargida ta zuba ido har ta gaji.

"Malam, mutane na biyan ƴan ƙwadago su cire haki daga gona, kai kana biya a shayar da shi. In dangina suka tambaya me zan ce?"

"Ki ce ado ne."

"To Allah ya ba da lafiya."

Ana cikin haka sai ga tsiro, kore shar. Na hana awaki sakat, na hana jikoki ƙwallo, ragon gidan ma aka mayar da turkensa zaure. Damina ta sauka, abu ya yi ta tashi har ya kai mini ƙugu. Da kaka ta kama ya fitar da kai mai laushi, ja-ja, kusan yadda na gani a hoto. Na sa aka dafa shayi, na gayyaci abokai, har da wani Bayarabe makanike daga Maradi wanda ba ya barin Bagobiri ya sha ruwa da daɗi. Na tsaya gaban kwarin kamar mai gabatar da amarya, ina ta bayanin tsaunukan Ingila.

Sai ga yaron da ke kawo wa ragonmu ciyawa ya shigo da dami a ka. Ya sauke, ya dubi kwarin, ya dubi daminsa.

"Baba, kyasuwa ce fa. Ga irinta nan na yanko bayan gari. In za ka sayar, dala ashirin."

Aka zaro ɗaya daga dami aka gwada da tawa. Ko uwarsu ba za ta raba su ba. Ashe a cikin taki ta zo, irin Turai kuwa tun Afrilu ya dahu a ƙasa. Bayarabe ya yi dariya har ya kwanta kan tabarma, ya ce tun da Sarki Mayaƙi ya kafa garin nan a 1836 ba a taɓa Bagobirin da ya yi wa kyasuwa rumfa ba. Kafin magariba uwargida ta kwance rago.

Na tura wa ɗan yayana hoton da na ɗauka kafin ragon ya isa. Ya ce abokinsa Bature ya gani ya yaba ƙwarai, domin dangin kyasuwa ma a tukunya ake sayar da su can, yana tambaya ko za a samu iri. Akwai shi, buhu-buhu. Duk mai ɗan'uwa a Turai da ke son ado ya neme ni a Tsibiri, amma kuɗi hannu.