Jagorar Baƙo a Kangon Boston

Da ka fito daga maɓoyar ƙarƙashin ƙasa ta Vault 111 a wasan Fallout 4, fara kwantar da hankalinka. An sace maka jariri, gaskiya ne, amma ai shekara 210 ka yi a daskare, daga yaƙin nukiliyar 2077 zuwa 2287. Wanda ya makara haka, ƙarin mako biyu yana tsince-tsincen gwangwani ba zai ɓata komai ba.

Taswirar da ke kan Pip-Boy, na'urar da ke ɗaure a hannunka, rowa gare ta: ba za ta cilla ka wani wuri ba sai wanda ƙafarka ta taɓa takawa. Don haka gangara daga Sanctuary Hills, ɗauki karen da ke zaman banza a gidan man Red Rocket, ka miƙe Concord. A can za a ba ka sulken ƙarfe da bindiga mai ɓarin harsashi, ka fara jin kanka sarkin yaƙi, sai ga dodon Deathclaw ya faso daga ƙarƙashin titi. Sannu da zuwan garin ke nan.

Diamond City ita ce babbar alƙarya, an gina ta a cikin filin wasan Fenway Park, kuma kuɗin kasuwarta murfin kwalba ne. Tsinci duk wanda ka gani ba kunya. Fankar tebur ma kwashe, da salatif da kofuna, har kaya su yi maka nauyin da gudu zai gagare ka. Daidai lokacin ne 'yan fashi ke zuwa gaisuwa.

In ka hango wani farin tarkace a tafkin Boston Common, kada ka matsa kallo. Ƙato ne mai suna Swan, ba ya son baƙi. Bi jan layin da ke ƙasa daga nan har cocin Old North, maɓoyar ƙungiyar Railroad. Mutane ne masu tsananin sirri: kalmar buɗe ƙofarsu sunansu ne.

Kudu maso yamma akwai Glowing Sea, inda bam ɗin ya faɗi. Sunan teku kawai gare shi, turirin nukiliya ne ke cin jiki, sai da sulke da maganin RadAway.

Duk waɗannan da sauƙi a kan Preston Garvey. Bawan Allah ne mai ladabi, amma ba ku gaisawa bai ɗiga maka wani ƙauye mai neman agaji a taswira ba. Da ka hango hularsa, juya.