Hatsina, Tattabarunsa

Ranar Talatar nan uwargida ta surfa hatsi tiya uku, ta wanke, ta baza a tabarma ya sha iska, ta shiga ɗaki ɗauko faifai. Kafin ta fito tiya uku ta koma biyu da rabi. Sauran rabin yana bisa katangar gabas, cikin maƙoshin tattabaru goma sha ɗaya da suka jera suna kallonta kamar 'yan kwamitin rabon tallafi bayan sun gama aiki. Ta wurga musu muciya. Muciya ta tsallake katanga ta faɗa gidan mai su, kuma har zuwa yanzu da nake wannan rubutu ba mu sake ganinta ba.

Ba sai na faɗi sunansa ba, kowace unguwa a Ɗan Kassari tana da nata. Shi ne wanda ya rataye fasassun tukwane da tsofaffin jarkoki a jikin rumbu ya ce ya gina ɗakin tattabaru, ya sayi mace da namiji sau ɗaya tak a rayuwarsa, daga nan ya sakar wa unguwa ciyarwa. Mai akuya da damina ɗaure ta yake yi, in ta kwance ta shiga gonar wani a kai shi gaban mai gari ya biya ɓarna. Mai jaki haka, mai shanu ma ba a magana. Shi kuwa mai tattabara ba turke, ba igiya, ba tara, don dabbarsa ta sama take shigowa, sama kuwa ba gonar kowa ba ce.

Na same shi a ƙofar gida yana sakace, muka gaisa har da tambayar gajiyar kaka, sannan na ce, “Malam, mutanenka sun yi mana ɓarna yau.”

Ya ce, “Ka tabbata nawa ne?”

Na ce ga su can bisa kanka suna gyatsa.

Ya ɗaga kai ya dube su da irin kallon da uba ke yi wa ɗan da ya ci jarrabawa, ya ce, “Haba Malam, tsuntsu ai na Allah ne. Rabonsa yake ci. A Makka ma a da saya musu hatsi alhazai ke yi suna watsa musu.”

Na ce to ai ka faɗa da bakinka, saya ake yi.

Bai ji wannan ba. Kunnen mai tattabara yana da ƙofa biyu, ɗaya a toshe take har abada. Amma bara da wani yaro ya harbo ɗaya da danƙo, nan take tsuntsun Allah ya sami uba. Ya sami kuɗi, ya sami asali, aka ce kakarta daga Sakkwato aka kawo ta, aka ce irinta babu ita daga nan har Matankari. Uban yaron sai da ya biya kuɗin da ya isa ya sayi zakara da sauran canji, gawar kuma mai ita ya karɓe ya kai cikin gida.

Ni abin da ya fi ci mini rai da tattabara shi ne yadda take shan ruwa. Ku lura da kaza: in ta kurɓa sai ta ɗaga kai sama, tun muna yara ake ce mana godiya take yi wa Ubangiji. Tattabara tsoma baki take yi ta zuƙa kamar mai shan fura da tsinke, ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi, ta karkaɗe jiki ta tashi. A kaskon kajina take wannan. Ruwan kuma ɗiyata ce ta ɗauko shi a kai daga famfo.

Kada a ce ƙiyayya ce. Na taɓa gwada kiwon, shi ya sa nake magana da ƙunar zuci. Shekara biyu da suka wuce na ce tun da ni ke ciyarwa, bari in mallaka. Na ba shi jikka biyu, ya ba ni mace da namiji cikin kwando, har da addu'ar Allah ya sa albarka. Na yi musu gida da sabuwar tukunya, na fige musu gashin fiffike kamar yadda ya koya mini, na ciyar da su har gashin ya tofo. Ranar da ya gama tofowa suka tashi, suka yi kewaye ɗaya bisa gidana na bankwana, suka sauka a tsohuwar jarkarsu. Da na je biko sai ya buɗe hannuwa ya ce, “To ni na kira su? Tattabara uwar alkawari ce, ba ta manta gida.” Alkawarin da ke tsakanina da shi, na jikka biyu, ba shi da uwa. Daga baya na ji an ce wannan mace da namijin sun je kasuwar Dogon Dutsi a kwando sun dawo, an kai su wajen Bagaji sun dawo. Hajar da ke komawa shago da kanta bayan an saye ta, wane ɗan kasuwa ne bai yi mafarkinta ba?

Gaskiya baiwar tana nan, ba na musu. Da ita wani Bajamushe mai suna Reuter ya fara sana'arsa a 1850, yana aika farashin kasuwar hannun jari tsakanin Beljiyam da Jamus a jikin tattabaru, a wurin da wayar tangaraho ba ta haɗe ba. Kamfanin labaran da ke ɗauke da sunansa yana nan har gobe. Da Jamusawa suka yi wa birnin Faris ƙawanya a 1870, cikin balan-balan ake fitar da tattabaru daga birnin, a ɗaura musu saƙo su komo da shi. Sai dai ita hanya ɗaya ta sani, hanyar gida. Ba a aikenta, sai dai a ɗauke ta a kai ta nesa a sake ta. Don haka duk ranar da maƙwabcina ya sake cewa a majalisa wai in layin salula ya ɗauke shi ba ruwansa, yana da masu kai masa wasiƙa Birnin Ƙonni, ku tambaye shi wa zai karanta. Wasiƙar da duk ya ɗaura musu, gidansa za ta sauka, bayan ta biya ta tabarmar uwargida.

Duk wannan da sauƙi kafin wayoyi su shiga maganar. Wani ya nuna wa samarin fada labarin New Kim, tattabarar tsere ta Beljiyam da aka yi gwanjonta a Nuwamban 2020 wani ɗan ƙasar Sin ya saye ta Yuro miliyan 1.6. Suka buga lissafi, Yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, abu ya haura miliyar guda. Tun daga ranar babu sauran tattabarar banza a garin nan. Wadda muzuru ya cire wa wutsiya ma jari ce. Mutum ba shi da kuɗin sukarin shayi, amma in ka taɓa jarkarsa sai ya ce ka san abin da ke ciki kuwa?

Babban ɗan maƙwabcin nawa shi ya kai abin ƙarshe. Ya dawo daga ci-rani da waya mai faɗin faifai, ya ga yadda wasu a Amurka ke ajiye tattabara cikin ɗaki kamar kyanwa, tana kwana tana tashi da su, har da ɗan kunzugun da ake ɗaura mata don kada ta ɓata kujera. Ya zaɓi wata fara ya shigar da ita ɗakinsa. Yanzu bisa sangensa take kwana. Tsuntsuwar da ake yabo don tana gane gida daga uwa duniya, an rufe ta inda iyakar tafiyarta daga kan akwati zuwa bakin gado, kuma duk sa'ad da ta yi wannan tafiya sai ya tafa mata.

Sai maganar wando. Wallahi da idona na gani, ina zaune wurin tela ina jiran ya rage mini hannun riga, yaron nan ya shigo da ita a ƙirji da ƙyallen atamfa ya ce, “Kawu, wando za a ɗinka mata.” Tela ya cire tabarau ya goge ya mayar. Shekararsa talatin yana taka keke, ya ɗinka wa ango, ya ɗinka wa jariri, ya taɓa ɗinka wa ragon layya riga don sanyi, amma bai taɓa neman ƙugun tsuntsu ba. Ya ɗauko ma'auni ya rasa inda zai fara. Ya ce zariya za a sa ko roba? Yaro ya ce a wayar ta kafaɗa ake ratayawa. Tela ya ce to wannan ba wando ba ne, bante ne mai igiya. Ya ce wutsiya fa, a ciki ko a waje? Aka ce a waje. Ya ce aljihu? Yaro ya yi shiru yana tunani, da gaske yake tunanin. Ni kuma ina zaune ina lissafin abin da zai biyo baya, don wando ɗaya ba ya isar mai rai. Sai an yi na canji, sai an yi na Juma'a. Sallah na zuwa, ba za a bar ta ta fita da tsohuwar atamfa ba a ce gidan ba a san mutunci ba, sai shadda. In ƙanwarsa za ta yi aure dole a fitar mata da anko. In ta yi ƙwai kuma, a nan tela ya ajiye almakashi ya ce shi iyakar iliminsa ke nan, a je a tambayi na Yamai.

Wankin wandon kuwa ba a tambayi wanda zai yi ba, don an sani. Tattabara ba ta da lokacin kewayawa, duk inda abin ya same ta nan ne. Uwar yaron ce ke tsugune bakin kwatami da ƙyalle kamar tafin hannu tana cuɗawa, ƙaramin ɗanta ɗan shekara uku yana tsaye gefenta ba ko ɗan kamfai. Gida guda, tsuntsuwa da wando uku, ɗan mutum yana yawo yadda aka haife shi.

A nan dariyata ke yankewa. Rabin tiya ba abin dariya ba ne ga wanda ya san yadda take zuwa tabarma. An yi shuka, wani wuri sau biyu in ruwan farko ya yi ƙarya, an yi noma, an yanke, an ɗaure damma, mace ta sussuka ta sheƙe ta surfa har hannunta ya yi kanta. Sannan wani ƙato ya kishingiɗa a inuwa yana ce maka rabo. In 'yan shila sun kai wata guda ya yanka, ƙamshin farfesu kaɗai ke tsallako katanga, shi ma don ba a iya tare shi. Da ma zai koyi abu ɗaya daga abin da yake kiwo: ƙwai biyu take yi, kwana goma sha takwas ake kwanci, kuma karɓa-karɓa suke yi, namiji ya kwanta da rana mace ta kwana a kai, in an ƙyanƙyashe su biyun ke ɗura wa 'ya'yan. Shi ko tulu bai taɓa kama wa matarsa ta sauke ba.

Na yi tunanin kai ƙara. A Indiya an tsare wata tattabara wata takwas a Mumbai bisa zargin leƙen asiri, sai farkon 2024 aka sake ta. Ƙasa ke nan da ta ɗauki tsuntsu da muhimmanci. Ni in na doshi jandarma da wannan magana har da shaidu, sai sun kira abokan aiki su zo su ji. Wani tsoho ya ce in kai maganar wurin Tunguma, dutsen shari'ar nan na mutanen Lugu, na ce dutse ma ai sai an gabatar masa da wanda ake tuhuma, wa zai kamo ta? Abin kunya ne ma. A Lugun nan tamu Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Bule da bindigoginsu a 1899, ni jikan yankin na kasa tsare tabarma ɗaya daga tsuntsaye goma sha ɗaya.

Amma muciyar nan ita ta tsaya mini a rai, don ta tuna mini da sauran. Tsanina ya fita gidan nan tun bikin da aka yi kafin azumin bara, na gan shi jingine a gidaje huɗu daban-daban, kowa na gaishe shi ya ce shi ma aro ya yi. Galmata ta tafi kwana ɗaya, damina biyu ke nan. Cajar waya ba na ma ƙirgawa, uku sun tafi, ɗaya ta dawo ba tawa ba kuma ba ta aiki. Akwai famfon keke, akwai babbar tukunyar suna, akwai jikka biyar da wani ya ce ranar kasuwa, bai dai ce wace kasuwa ba. A garin nan abu ɗaya ne kaɗai ke fita ya san hanyar komawa wurin mai shi, shi ma ba nawa ba ne. Da masana za su gano abin da ke cikin kan tattabara su ɗura shi a tsani, da sun yi wa Arewa aikin da ya fi rijiya. Ka ba da aro da safe, magariba na yi ka ji ƙwanƙwasa, ga tsani ya dawo da ƙafarsa yana ba ka labarin inda aka so a wuce da shi.

Jiya da la'asar aka yi sallama, na ga ƙaramin ɗan maƙwabci, mara wandon nan, da kwano a hannu rufe da faifai. Uwargida ta dube ni na dube ta. Na ce a raina to, an ji kunya, farfesu ya tsallako. Ta buɗe, kwano wayam.

Ya ce, “Baba ya ce a gaishe ku. Wai kashin da tattabarunsa suka yi a bisa katangarku da gindin rumbu, a tara masa a nan, zai kai garka ya zuba wa albasa.”

Na ce to muciyarmu fa?

Ya ce, “Inna na tuƙa tuwo da ita. Kuma wai in da tsintsiya a ara mata.”