Ƙafar Hagu Ta Kusa Ritaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin yashi a bakin Gulbin Rima ya san abin da ke faruwa idan tifa ta cika ta nufi hawa. Direba zai danne kuloci, ya damƙi sandar giya kamar mai tuƙin tuwon gidan biki, giyar ta yi gurnani ta ƙi shiga, motar ta yi tari sau biyu, sannan ta fara shawarar komawa inda ta fito. Nan yaron mota zai diro da weji a kafaɗa, silifas ɗaya a ƙafa, ɗaya ya riga ya zama rabon gulbi, yana bin taya da gudu yana salati. Kafin a kai sama, wurin ya gauraye da ƙaurin kuloci kamar ana babbakar ƙafar sa a kasuwar Kara. Ni ra'ayina, kuma na san zan sha harara a tashar tifa, shi ne lokaci ya yi da za a sallami ƙafar hagun direba ta huta, a bar mota ta canja wa kanta giya.

Giyar otomatik ta manyan motoci iri biyu ce, kuma yawancin masu zaginta ba su san wacce suke zagi ba. Ta farko, irin wadda kamfanin Allison na Amurka ya yi suna da ita, ba ta da farantin kulocin tayar da mota. Kamar fanka biyu ne suke fuskantar juna a cikin tukunyar mai: inji ya juya ɗaya, mai ya kwashi ƙarfin ya juya ɗayar. Shi ya sa take tashi da kaya a hankali cikin yashi, ƙarfi bai yanke ba balle ta zame baya. Ta biyun kuwa, irin I-Shift da Volvo ya fito da ita a 2001, giyar da muka sani ce da kulocinta, sai dai kwamfuta ce ke takawa, ita ke sakawa. Wato an ɗauki direba na biyu an ɓoye shi a ƙarƙashin kujera, wanda ba ya gyangyaɗi, ba ya amsa waya, bai kuma yi faɗa da uwargida da safe ba.

A duba irin aikin da tifa ke yi a Sakkwato. Ba tirela ba ce da za ta miƙe hanya ta sa giyar ƙarshe har Funtuwa. Daga gulbi zuwa fulotin wani a Arkilla ko Mabera, tafiya ce gajera mai tsaye-tsaye: rami, shataletale, ɗan kabu-kabu da ya ɓullo daga lungu kamar an harbo shi. Tifar Howo, wadda ta cika hanyoyinmu yanzu, akasari giya goma gare ta ta gaba. Mutum ya wuni yana hawa da sauka a wannan tsani cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, zuwa la'asar ƙafar ta gaji, farantin kuloci ne zai biya bashin. Aikin kuma ba raguwa yake ba. Tun 1967 ake yin siminti a Kalambaina, ga babbar hanyar Illela zuwa Badagry mai tsawon fiye da kilomita 1,000 da aka ƙaddamar da aikinta a 2024. A duba kuma ƙattin motocin Caterpillar da Komatsu da ke kwasar tan ɗari ko fiye a wuraren haƙar ma'adinai, ba wadda aka bar wa direbanta kuloci ya taka. Masu su ba tausayin gwiwar kowa suke ji ba, lissafin kuɗin gyara suka yi.

Suka ta farko kowa ya san ta. Tsohon direban da ya goge a roka zai leƙa ciki, ya ga feda biyu kacal, ya taɓe baki ya ce, "Wagga mota ta raggo ta." Ina girmama shi, amma na san inda ke masa ƙaiƙayi. Shekaru ya yi yana wanke mota, yana kwana a ƙarƙashinta, yana sayo wa maigida goro, kafin a yarda ya taɓa sandar giya, ita ma ranar da ya fara sai da ya sha ranƙwashi. Yanzu a ce yaro ya shigo jiya, ya murɗa wani ɗan maɓalli, mota ta tafi sumul? Ai da ciwo. Sai dai gwanintar tuƙin tifa ba a ƙafar hagu ta taru ba. Kwamfuta ba za ta gaya maka wannan yashin zai riƙe taya, wancan zai haɗiye ta ba. Ba ta san cewa in ka ɗaga bodi a karkatacciyar ƙasa motar za ta kwanta a gefe kamar raƙumin da ya gaji da duniya ba. Baba direba yana nan da sarautarsa, sandar kawai aka karɓa.

Masu cewa tana shan gas suna da 'yar gaskiya a kan irin ta farko, domin man nan yana cin wani abu na ƙarfin inji kafin mota ta ɗauki gudu. Amma da wa ake gwada ta? In da gwanin direba ne da sanyin safiya, to. In da yaronsa ne da aka ba mota bayan azahar, na zaɓi kwamfuta.

Suka ta ƙarshe ce ta ɗaure ni, ba ni da bakin musu. Tifarmu ta gado in batir ya mutu ba a tayar da hankali: a gangare aka ajiye ta tun dare, ko wata ta ja ta da sarƙa, a saki kuloci ta yi atishawa ta tashi. Otomatik ba ta san wannan zumunci ba. Ko unguwa guda za ta taru tana "a tura, a tura", kallonsu kawai za ta yi. Ja ma, in ba a kwance furfela ba, ana iya kashe giyar gaba ɗaya. Ga bakanikenmu, wanda da kunne da guduma yake gano ciwon mota, yau an kawo masa marar lafiyar da ba ta magana sai da na'ura, ba ta kuma shan kowane mai sai nata. Zai zagaya ta sau uku, ya cire hula ya sosa ƙeya, ya ce a dawo jibi. Amma wannan ƙarancin masu gyara ne, ba aibin giya ba, kuma haka aka yi da ƙananan motoci: da can ana gudun otomatik, yau ita ta cika gari, masu gyaranta ma sun samu.

Don haka kamfanin da ke da garejinsa da injiniyansa, ban ga uzurinsa na ci gaba da sayen farantin kuloci ba. Kai kuma Alhaji mai tifa ɗaya tilo, wadda da ita ake cefane, kada ka ce na zuga ka. Ka fara tura yaron nan mai weji ya koyi gyaran giya da kwamfuta, in ya dawo ka sayo motar. Kafin nan, a saya masa silifas.