Wasiƙa daga Winnipeg kan Mutum-mutumin da ke Gwada Rigar Sanyi

Zuwa ga Kawu,

Ɗan Kawu da ke Winnipeg ta ƙasar Kanada yana amsa tambayar da aka aiko masa, wato dalilin da ya sa riga ɗaya ta ci kuɗin ragon layya alhali ko aikin wuya babu a jikinta.

Kuɗin na ɗumi ne, ba na ado ba. Rigar sanyi ba ta da zafin kanta, ɗumin jikin mai ita take tsarewa cikin iskar da ke maƙale a gashin agwagwa ko zaren da aka cusa mata, kuma ma'aunin wannan tsarewa shi ne "clo", wanda Gagge da Burton da Bazett suka fito da shi a 1941. Clo ɗaya shi ne suturar da za ta wadaci mutumin da ke zaune ba ya aikin komai a ɗaki mai ɗumin digiri 21. Da yake mai hankali ba ya yarda ya kwana a ɗakin ƙanƙara saboda ilimi, sai aka ƙera mutum-mutumi mai wayoyin lantarki, a ɗumama fatarsa zuwa wajen digiri 34, a sa masa rigar, a kulle shi cikin sanyi, sannan a lissafa wutar da yake sha don kada ya huce. In kaɗan ya sha, rigar ta ci jarrabawa. Ƙa'idar Turai mai suna EN 342, wadda ta shafi sanyin da ya zarce digiri 5 ƙasa da sifiri, har sa shi take yana wurga hannu da ƙafa kamar mai tafiya, a kuma auna iskar da ke ratsa yadin.

Sai dai wannan bawan Allah bai taɓa jiran bas a mahaɗar titunan Portage da Main cikin Janairu ba, ba shi da kunnen da zai yi tsami, ba ya kewar kowa. Digirin da ake rubutawa jikin riga ya dogara ne da motsin mai sanye da ita da daɗewarsa a waje, shi ya sa wadda ta ishi mai kwasar ƙanƙara da shebur takan bar na tsaye yana kaɗa haƙora. Tunda kuwa abinci ne makamashin ɗumin jiki, bincike ya tilasta a roƙi Kawu ya aiko da kilishi, mai yaji sosai.

Ɗan Kawu na Winnipeg.