Yadda Za Ki Sayar Da Littafinki Ba Tare Da Allah Ya Isa Ba

'Yar'uwa marubuciya, kin gama littafi, barka da arziki. Saura a san da shi.

Fara da suna. Magabatanki na Adabin Kasuwar Kano sun daɗe da gane wannan. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, Balaraba Ramat Yakubu kuma ta kira nata Alhaki Kuykuyo Ne, rabin karin magana, mai karatu ya ƙarasa da bakinsa, kafin ya farga hannunsa na aljihu. Ke kuwa kin sa wa naki "Labarin Wata Yarinya". Wace yarinya? 'Yar gidan wa?

Sai ɗanɗano. Mai kilishi ɗan yanki yake yago wa mai taya, ba falle guda ba. Ki saki shafukan kyauta a Wattpad ko zaurukan WhatsApp, amma ki san inda za ki ja birki. Kada ki tsaya inda amarya ke wanke-wanke. Ki bari sai uwargida ta turo ƙofa da kofi a hannu, tana wani murmushi da ba a san ta da shi ba, ta ce, "Ƙanwata, ga kunu na dama miki." Amarya ta kai kofin baki. To, nan za ki ajiye lambar asusu. Har wadda ta rantse ba ta sayen littafi sai ta turo shaidar biya kafin la'asar.

Idan kin ce ci gaba ran Talata bayan isha'i, to ya zama Talata. Masu karatu na da haƙuri, ko jarumin da ya rasu a shafi na 12 ya dawo shan shayi a na 40 za su yafe, amma ba sa yafe "wayata ba caji" sau uku a jere.

Wadda ta yi miki dogon sharhi, ki amsa mata da sunanta. Ita ce 'yar tallarki, kuma ba ta karɓar la'ada.

Masu fitar da littafin kuɗi waje fa? Abin da ciwo, gumin dare ne suke rabawa kyauta. Amma jera Allah ya isa a farkon kowane babi masu biya yake kora, ɓarauniya ko a jikinta. Gara ki cusa sunanki da hanyar biya a tsakiyar labarin, duk inda aka tura shi tallarki ta je. Ki kuma aika gajeren labari gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara don mata a 2016. Ana karanta waɗanda suka yi fice a rediyo, har kakarki a ƙauye ta ji sunanki.