Kilo 23 da Nauyin Zumunci: Ire-iren Masu Zuwa Gida Hutu

Da zarar azumi ya yi nisa, ko Babbar Salla ta matso, filayen jiragen sama na Addis Ababa da Alƙahira da Doha da Istanbul sukan cika da Hausawa masu hanyar gida. Ga likita daga Manchester, ga malamin jami'a daga Malesiya, ga direba daga Jidda, kowa ido ja wur don rashin barci. Ka tambayi ko wanne abin da ya fi ba shi wuya, zai ce maka nisa. Wannan zance kuwa ba ya da ƙafa. Fatake sun yi watanni a hanyar Gwanja saboda goro, alhazan ƙasa sun yi shekaru kafin su ga Makka, wasu ma suka yada zango a Sudan, jikokinsu na can har gobe. Wanda ya yi awa shida da 'yan kai daga Landan zuwa Abuja a zaune, ana miƙo masa abinci a faranti, bai isa ya yi wa waɗannan kukan nisa ba. Abin da ke gajiyar da mazaunin waje shi ne wani sharaɗi da ba wanda ya taɓa faɗa masa da baki, amma kowa ya san da shi: ya zo ya nuna cewa barin gida ya yi riba. Yadda kowa ke fama da wannan sharaɗi shi ya raba su kashi-kashi.

Na farkonsu shi ne Mai Sikeli. Yawancin tikitin wannan hanya jaka biyu yake ba fasinja, kowace kilo 23, sai 'yar ta hannu. Bawan Allah ya sayi sikelinsa na kansa, ya auna, ya sake aunawa, komai ya yi daidai. Ana gobe tafiya sai masu saƙo su fara sallama. "Yaya, ɗan saƙo ne kawai za ka kai wa Hajiya, ba shi da wani nauyi." Ɗan saƙon nan injin markaɗe ne, da takalma ƙafa shida, da bargo. A gaban ma'aikaciyar jirgi jaka ta ce kilo 29, shi kuma sai ya durƙusa a tsakar fili ya bankaɗe kaya, duniya na kallon singiletinsa da kwalaben turare. Ƙarshenta ya zuba riguna uku a jikinsa, ya ɗora kwat ɗin sanyi, ya sauka Kano da tsakar bazara yana naso. Abin lura a nan shi ne abin da yake zaɓa ya bari. Zai bar takalminsa, zai bar littafinsa, har maganinsa yakan manta a kan benci, amma injin markaɗen wata tsohuwa da bai taɓa gani ba sai ya isa. Wanda nisa kaɗai ke damunsa ba zai yi haka ba.

Na biyu shi ne Mai Lissafin Wata. Bature ubangidansa yana son a rubuta masa ranar hutu tun watanni kafin lokaci, kamfanin jirgi ma haka, in dai ana son tikiti mai sauƙi. Salla kuwa ba ta san da kalandar ofis ba, ganin wata take jira da sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Saboda haka mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya dubi sama ba sai ya koma masanin taurari, yana musu da abokansa kan ko azumi zai yi 29 ko 30. Ko ya ci wannan caca, akwai sauran. Kano ce garin da jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya a 1925, amma tun da kamfanin jiragen ƙasa, Nigeria Airways, ya durƙushe a 2003, ba a sake samun na ƙasa ba, kuma Bakano mai tasowa daga Turai sau da yawa sai ya bi ta gabashin Afirka ko ƙasar Larabawa kafin ya juyo. In hutun Disamba ne, hazo na iya hana jirgi sauka. A 2017 ma an rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyaran titin sauka, aka karkatar da jirage Kaduna. Shi ya sa za ka tarar da Mai Lissafin Wata ranar Idi a ɗakin jira na wata ƙasa, ya ci ado da sabuwar shadda, yana cin busasshen burodi, yana amsa barka da Salla ta waya yana cewa, "Ina hanya, ku ajiye mini nawa."

Wanda ya sauka lafiya kuma, sai halinsa na biyu ya fito. Akwai Malam A-Can, wanda ba a gama yi masa sannu da zuwa ba ya fara kwatance. A can ba a ɗauke wuta, a can ba a yin ham, a can ko kare ya san layi. Shekara biyu kacal ya yi, amma Hausa ta fara yi masa gardama, sai ya tsaya yana kaɗa yatsa yana neman sunan tsintsiya. Mutumin da aka haifa a Fagge yana tambaya wai da ma haka garin nan yake da zafi. Yana yawo da gorar ruwa a hammata, yana duban kunun gwaggonsa kamar an ce akwai magana a ciki. Kishiyarsa shi ne Mai Ɓuya, wanda ya shigo gari da dare, ya sauka a otel, ya sa sabon layi, ya gargaɗi ƙaninsa: "Kada ka gaya wa kowa na zo." Ya manta cewa dole ya je Wapa canjin kuɗi, dole kuma ya je masallacin Juma'a. Kafin la'asar labari ya kai har ƙauyen kakanninsa, kuma yanzu laifinsa biyu, ga rowa ga ɓuya. A ido waɗannan biyun ba su haɗa hanya ba, amma tsoro ɗaya ke korarsu. Ɗaya yana tsoron a ce bai canza ba, ɗaya yana tsoron a ce bai samu ba.

Sai Sarkin Kyauta, wanda ya fi kowa farin jini, ya kuma fi kowa ban tausayi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya ta haura naira dubu, kowane gida ya sami gwanin lissafi. Ana ɗaukar albashinsa a buga da farashin canji, a yi salati, ba wanda ke cire kuɗin haya, da haraji, da kuɗin ɗumama ɗaki. Shi kuma maimakon ya gyara musu lissafin, sai ya hau kai ya zauna. Ya ɗauki hayar mota, ya canzo sababbin kuɗi, maroƙa na yi masa kirari, ya biya wa wannan kuɗin makaranta, ya sai wa waccan keken ɗinki. Ba wanda ya san cewa aikin dare yake yi a gidan kula da tsofaffi, ko kuwa su huɗu ke kwana ɗaki ɗaya. Abin da ya tara a wata goma sha ɗaya yakan ƙare a kwana goma, sauran kwanakin kuma ya yi su a ɗaki da sunan mura. Ranar komawa ƙaninsa ne ke ranta masa kuɗin motar zuwa filin jirgi. Maƙwabcinsa a wahala shi ne Mai Gini, wanda ya shekara biyar yana turo kuɗi ana turo masa hotuna, har fenti ya zaɓa ta waya. Ya zo da mukulli a zuciyarsa, ya tarar da harsashi da awaki a ciki, gidan da ke hoton kuwa na wani ne a layin baya. Ba zai kai ƙara ba, don wanda ya ci kuɗin uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma tuni dattawa suka taru suna ba shi haƙuri tun bai buɗe baki ba.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Ga Uwar 'Ya'ya, wadda ta ɗebo yara uku haifaffun Amurka da niyyar su koyi Hausa da durƙuso da cin tuwo da hannu cikin mako uku. Tun a jirgi take yi musu bita: in Kaka ta ce kaza, ku ce kaza. Aka isa, yaro ya miƙa wa kakansa hannu a tsaye, ƙaramar ta ga rago an kayar ta kwarma ihu, babbar kuma ta tambayi lambar sirrin intanet kafin ta gaida kowa. Uwar ta yini tana fassara tsakanin uwarta da 'yarta, tana gyara maganar kowacce don kada a ji haushi. A ranar komawa kuma ita ce ke rikiɗewa ta zama Mai Daddawa. Jakunkunan da suka zo da cakulan za su koma da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da daddawa a cikin leda bakwai, da kilishi an naɗe shi a tsakiyar atamfa. Amurka da Ingila duk sun hana fasinja shigo da nama irin wannan, kuma a Amurka har karnuka aka horar don shinshino abinci a jaka. Kare kuwa ba ya karɓar roƙo. Nan za ka ga mace mai digiri biyu tana ƙoƙarin fahimtar da jami'in kwastan cewa koren garin nan ganyen bishiya ne, miya ake yi da shi.

Wani zai ce duk wannan ba'a hassada ce ta wanda bai sami biza ba, kuma mutanen nan sun fi ƙarfin dariya, tunda Bankin Duniya na ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya mazauna waje na turo kusan dala biliyan 20 a shekara. Gaskiya ne, kuma har Malam A-Can yana da hujja a wani wuri, domin wanda ya daɗe ba ya ƙasar sauro garkuwar jikinsa kan ragu, zazzaɓin da ɗan gida zai sha magani ya tashi shi yana iya kwantar da shi asibiti. Amma yawan abin da suke turowa ƙara wa maganar nan ƙarfi yake yi. Mutumin da ya ciyar da gida shekara guda ta banki, me zai sa ya ji dole sai ya sake saye mutuncinsa da turare da agogo in ya zo? Wani kuma zai ce to laifin na mutanen gida ne, masu zuwa gaisuwa idonsu na kan jaka, da masu kawo takardunsu a nema musu aiki a Kanada, kamar shi ne jakada. Wannan ma rabin gaskiya ce. Mutanen gida sun yarda da hoton da aka turo musu ne, wanda aka ɗauka a jikin motar wani, a gaban gidan wani. Wanda ya shekara yana tallan daula ba shi da bakin ƙorafi in masu saye suka zo. Ƙaryar ta mutum biyu ce, ɗaya na yi, ɗaya na so a yi masa.

Saura mai cewa, in abin ya zama haka, me ya kawo tafiyar? Ga kiran bidiyo, ga tura kuɗi cikin minti ɗaya, a huta da sikeli da kare. Amsar tana wurin iri na ƙarshe, wanda ba a ganinsa a filin jirgi ko ɗaya, wato Mai Baɗi. Kowace Salla yakan kira ya ce, "Baɗi in Allah ya kai mu ina tafe." Baɗin ta yi goma. An yi aure ba shi, an yi suna ba shi, ta'aziyyar mahaifinsa ma ta waya ya karɓa. Wani takardunsa ne suka ƙare, in ya fita ba shi komawa, wannan uzurinsa a fili yake. Amma da yawa fasfo ɗinsu lafiya lau, kuɗin tikiti ma ba zai gagare su ba. Kuɗin tsarabar dangi ɗari ne ba su da shi, kuma sun gwammace a ce sun yi nisa da a ce sun dawo hannu rabbana. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a jaka ba. Sauran ire-iren duk, da rigunansu uku da daddawarsu da harsashin gininsu, sun dai kawo ƙafarsu, shi ya sa ake iya yi musu dariya su ma su tanka. Gidan da ke da Mai Baɗi kuwa, abin da ya kamata su yi ba wuya gare shi: babba a cikinsu ya ɗauki waya ya ce masa ya zo haka nan, ba a son komai, sa'annan in ya zo ɗin a cika alkawari, kada wani ya tambaye shi ina jakar take.