Tsofaffin Rolling Stones Da Masu Gardama A Kansu

A ranar 20 ga Oktoba, 2023, mawaƙan nan na Ingila, Rolling Stones, suka fitar da kundin waƙoƙi mai suna Hackney Diamonds. Rabon su da kundi na sababbin waƙoƙin kansu tun 2005, shekara 18 ke nan. A lokacin Mick Jagger ya cika 80, Keith Richards saura masa wata biyu, Ronnie Wood kuwa, wanda ya shigo a 1975 amma har gobe ake masa kallon sabon yaro, yana da 76. Kundin bai kwana ba masoya suka rabu gida-gida.

Akwai mai "da can". A wurinsa ƙungiyar ta rasu tun 1972, bayan Exile on Main St., wanda aka naɗi kaso mai yawa nasa a ɗakin ƙarƙashin wani gida da Keith ya kama haya a kudancin Faransa. Duk abin da ya biyo baya, in ji shi, zaman makoki ne. Ka tambaye shi ko ya saurari sabon, sai ya yamutsa fuska ya ce ba sai ya saurara ba, ai ya san abin da ke ciki. Ka ƙara bincike, sai ka tarar ranar da aka yi wancan kundin iyayensa ma ba su san juna ba. Su ma masu "da can" ɗin ba su jituwa. Wani ya ce ƙarshen duniya ya zo ne a 1974, da Mick Taylor ya ɗauki jitarsa ya yi gaba. Wani tsoho ya tsawata masa, ya ce yaro man kaza, ai tun 1969 da Brian Jones ya mutu aka rufe littafin.

Kishiyar wannan shi ne mai "sun dawo!" Shi komai daidai ne. Ya rantse wannan ne kundi mafi kyau tun Tattoo You na 1981. Haka ya rantse a kan Steel Wheels a 1989, da Voodoo Lounge a 1994, da A Bigger Bang a 2005, kuma bai taɓa yin kaffara ba. Ya sayi faifan garmaho na sabon kundin launi-launi, ya jera su a kabad da ledarsu, don kuwa ba shi da garmahon.

Wanda nake tausaya wa da gaske shi ne mai makokin Charlie. Charlie Watts ya riƙe musu ganga tun 1963 har ya rasu a watan Agustan 2021 yana da shekara 80. Mutum ne mai son kwat da kiɗan jaz, mai zama a bayan ganguna kamar an tilasta masa zuwa. Yana da wata ɗabi'a da mai makokin zai kwatanta maka a kan tebur da cokali biyu: daidai lokacin da sandar hagu za ta sauka a kan ganga, sai ya ɗage ta dama daga farantin ƙarfen, ya bar wani ɗan giɓi. A cikin giɓin nan, in ji shi, ƙungiyar take zaune. Steve Jordan da ya gaje shi gwani ne, kuma Charlie da kansa ya amince da shi, amma mai makokin ya ce Jordan dukan ganga yake yi, Charlie kuwa lallashin ta yake. Waƙa biyu kaɗai yake kunnawa a kundin, "Mess It Up" da "Live by the Sword", domin su ne ke ɗauke da kiɗan da Charlie ya bari tun 2019. Ta biyun har da Bill Wyman, wanda ya bar su a 1993. Da wannan mutumin ba na ja. Ina dai roƙon sa ya bar cokulan mutane.

Sai injiniyan sauti. Laifin duka na Andrew Watt ne, wanda ya tsara kundin. An haife shi a 1990, ya yi aiki da Justin Bieber da Post Malone, wannan kaɗai ya ishe shi hujja. An cika ƙara, an goge muryar Mick har tana sheƙi, an kashe ƙurar da ke sa kiɗan daɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Sai dai duk wannan hukunci ya yanke shi ne ta lasifikar wayarsa, wadda ta taɓa faɗawa ruwa.

'Yan Mick da 'yan Keith kuwa tamkar dangin ango ne da dangin amarya a kan kayan lefe. In waƙa ta yi daɗi, 'yan Keith su ce hannun mutuminsu ne. In ta yi kama da ta 'yan rawa, su ce ga Mick nan da son kuɗi da bin yayi. 'Yan Mick su ce ba don lissafinsa ba, da tuni an watse. Mutanen biyu da ake wa wannan faɗa tun suna firamare a Dartford suka san juna, sun zagi juna a jarida da littafi, suna nan suna raba riba.

Inda aka fi tayar da jijiyar wuya shi ne batun gaba. Ga mai ba da shawarar ritaya: girma ya zo, su je su yi wasa da jikoki. Yana kafa hujja da aikin zuciya da aka yi wa Jagger a 2019, da faɗowar Keith daga bishiya a Fiji a 2006, da kuma cewa rangadinsu na 2024 a Arewacin Amurka, AARP ce ta ɗauki nauyinsa, wato ƙungiyar 'yan shekara 50 zuwa sama. Jagger yana safa da marwa a dandali kusan awa biyu yana waƙa. Mai shawarar, ɗan shekara 52, sai ya dafa gwiwa ya yi nishi kafin ya tashi daga kujera.

Ga kuma manajan da ba a ɗauka ba. Ya riga ya tsara musu komai: su koma kiɗan bulus zalla irin na Blue & Lonesome na 2016 da suka naɗa cikin kwana uku, su bar filayen ƙwallo su koma ƙananan zaure, su rage kuɗin tikiti, su sallami baƙi. Paul McCartney da Elton John da Stevie Wonder, me ya kawo su? Shi ne ya shekara 18 yana kukan ba sabuwar waƙa. Ranar wasa, da aka soma sabuwar waƙarsu "Angry", sai ya tashi ya tafi neman abin sha, bai dawo ba sai da ya ji an taɓo tsohuwar waƙarsu "Satisfaction". A kujerar da ya bari wata yarinya ce da ta san ƙungiyar ta dalilin Lady Gaga, ita ma baƙuwa a kundin, tana tambayar na kusa da ita wane ne tsohon nan mai ɗaurin kai.

Ni dai nawa hukuncin, kundin bai kama ƙafar tsohon kundinsu Sticky Fingers ba, amma ya fi ƙarfin a kira shi abin kunya, kuma waƙar "Sweet Sounds of Heaven" da ke cikinsa za ta iya zama a kowane kundi nasu ba tare da sunkuyar da kai ba. A watan Fabrairun 2025 aka ba Hackney Diamonds kyautar Grammy ta kundin rok mafi kyau. Mai "sun dawo!" ya ƙara sayen faifai ɗaya, mai "da can" kuwa ya ce dama Grammy ta lalace tun 1972.